A Gurbin Bello

Garwa ta tarbe mu da zafi. Ni mutumin ƙasar Malumfashi ne, na ɗauka na san rana, sai da na diro daga bayan babbar mota a tashar garin nan, iska ta doki fuskata kamar an buɗe bakin tanda. Farkon shekarar 1984 ne. Mu biyu ne, ni Istifanus da Ayuba ɗan ƙanen babana. Wanda ya kawo mu sunansa Sale Dogo, mutum mai fararen haƙora da baki kamar zuma. Shi ya ce mana akwai masaƙa a Garwa, can ƙetaren iyaka, tana neman majiya ƙarfi. Na bar matata Rifkatu da ƙaramin ciki, na ce mata kafin a yi shuka na dawo.

Sale ya zaunar da mu a gindin wata darbejiya, ya karɓi takardunmu na tafiya, ya ce zai kai ofishin masaƙa a buga musu hatimi. Muka ga shigarsa cikin mutane. Inuwar itacen ta zagaya mu, ta bar mu, ta miƙe zuwa gabas, Sale bai dawo ba. Har yau bai dawo ba.

Kowa muka tara da magana sai ya amsa da Fillanci ko Faransanci. Wata mai sayar da ƙosai ta gaji da kallonmu, ta ba mu 'yan ƙwayoyi a takarda, ta nuna mana hanyar kasuwa da leɓe, tana maimaita kalma ɗaya da muka gane: Hausa, Hausa.

Haka muka faɗa hannun Alhaji Inuwa. Kakansa ne ya zo daga Kano da fataucin goro da kanwa, shi kuwa a Garwa aka haife shi, Hausarsa duk ta sha Fillanci. Yana sayar da gishiri da sabulu da sukari a sari. Ya saurari labarinmu yana jan carbi, bai nuna mamaki ba, da alama ba mu ne na farko ba.

Ya ce, "Kai wa sunanka?"

Na ce, "Istifanus, Alhaji."

"To, Kirista ke nan."

"I, Alhaji."

Ya ce, "Buhu bai san addinin mai ɗaukarsa ba. Ga sito can. Ku ci abinci tukuna."

Ayuba bai jima ba. Ya sami wata motar shanu mai komawa wajen Yola, ya ce ko a ƙarƙashin kofato ne zai bi ta. Ya roƙe ni mu tafi tare. Na ce da wane ido zan dubi surukaina, na fita neman kwanon rufi na dawo ko takardata babu? Na ce ya gaya wa Rifkatu ina nan tafe bayan wata biyu.

Ba a rufa wata biyun ba duniya ta juya. Cikin watan Afrilu muka ji a rediyon Alhaji an yi harbe-harbe a Yawunde, babban birnin ƙasar, wasu sojoji sun nemi kifar da gwamnati ba su ci nasara ba. Yawancinsu 'yan arewa ne, don haka arewar gaba ɗaya ta shiga uku. Aka fara ɗauke mutane daga ofisoshi da gidaje. Jandarmomi, 'yan sandan can, suka datse kowace mararraba suna tambayar kart, wato katin shaida. Muna cikin wannan kuma sai ga labari sojojin Nijeriya sun rufe iyaka, ba shiga ba fita.

Alhaji ya kira ni, ya ce, "Ɗana, daga yau kada ƙafarka ta wuce bakin siton nan. In suka kama ka ba kart, ba ni da bakin da zan karɓo ka."

Siton dogon ɗaki ne mai rufin kwano, da 'yar taga ɗaya can sama wadda ba ta nuna komai sai sarari. A nan nake aiki, a nan nake ci, a nan nake kwana bisa buhunan da babu komai. Gishiri ya cinye mini tafin hannu, duk ya tsattsage. In rana ta take, kwanon yakan yi ƙara shi kaɗai saboda zafi. Ina jin kasuwa tana ci a bayan bango, ina jin kiran salla, ina jin mata suna ciniki da harshen da ban sani ba. Sai in zauna ina lissafin yadda cikin Rifkatu ya kai yanzu, ko tana iya sunkuyawa ta ɗebi ruwa, ko uwata tana taya ta.

Abin da ya hana ni haukacewa waƙa ce. A makarantar mishan ta ƙauyenmu an koya mana do-re-mi, kuma tun da muryata ta fashe ni ke riƙe muryar ƙasa a majami'armu, wadda muke ce wa bes. To, sai in riƙa jera buhuna ina yin nawa ɓangaren ni kaɗai, ba sama ba tsakiya, kamar mai gina tushen ɗakin da ba za a ɗora wa bango ba.

Wata ranar ina cikin haka na ji muryar mace a bakin ƙofa, da gurɓatacciyar Hausar kasuwa: "Wa yana waƙa a ciki?"

Na katse waƙar. Ta shigo. Gajeriya ce kakkaura, da farar riga ta ma'aikatan asibiti, ta zo sayen katon ɗin sabulu. Daga baya na san sunanta Madam Odil, ungozoma ce, rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo. Ba ta gaishe ni ba. Ta rera wani ɗan layi, ta nuna ni da yatsa. Na maimaita. Ta sake rera wani, ta yi mini alama da hannu in shiga ƙarƙashinta. Na laluba na sami gurbi, na shimfiɗa mata murya a ƙasa. Muka kai ƙarshe tare. Ta tsaya tana kallona, sannan ta juya ta nufi rumfar Alhaji.

Sun daɗe suna ja-in-ja da Fillanci. Na tsinci abin da Alhaji ya faɗa da Hausa don in ji: "Madam, in aka tare shi a hanya, ni za a tambaya." Ita kuwa ta riga ta gama shawara. Ranar Asabar da la'asar ta zo da ɗan babur ɗinta, ta ɗora ni a baya, ta aza mini katon ɗin magunguna a cinya. Ta ce in an tare mu in yi shiru kamar kurma. Jandarman farko da muka tarar ya ɗaga mata hannu yana murmushi. Wannan ce fitata ta farko tun Afrilu. Iskar da ta buge ni a kan babur ɗin nan, ko da zafinta, sai da ta sa ni hawaye.

Ta kai ni unguwar Pumpumre, wani gida mai katangar bulo. A falo na tarar da mutum tara a tsaye sun yi rabin da'ira, tagogi duk a rufe ruf, saboda a lokacin taron mutum goma ma abin tuhuma ne. Zufa tana ɗiga daga haɓar kowa. A gabansu wani dattijo siriri, baƙi wuluk, da tabarau ɗaure da zare.

Madam Odil ta ce, "Ga Mushe Koji."

Na yi ƙoƙarin danne dariya ban iya ba. Dattijon ya dube ni ta saman tabarau, ya ce da Hausa tsaf, "Na sani. A garinku mushe abin da ya mutu ba a yanka ba ne. Nan kuwa girmamawa ce. Ka kira ni Malam, mu huta." A kasuwar Mokolo ya koyi Hausa tun yana yaro, wurin fataken Mubi.

Ya ciro wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu, ya buga shi a gwiwa, ya kara a kunne, ya ba kowa muryarsa. Ba ganga, ba molo, ba komai, ɗan ƙarfen nan shi ne dukan kayan kiɗansu. Ya nuna mini wani gurbi a ƙarshen da'irar, kusa da bango. Ina takawa zan tsaya, wani dogo mai suna Piyer ya yi magana da zafi da Faransanci, ya tare wurin da ƙafa. Malam Koji ya amsa masa a hankali, sannan ya ce da ni, "Cewa ya yi wurin na Bello ne. Na ce masa aro za ka yi."

Da suka fara, sai na ji gashin jikina ya tashi. A ƙauyenmu mukan tashi tare mu sauka tare. Waɗannan kuwa wata murya za ta fita ita kaɗai, wata ta biyo sawunta, ta uku ta ratsa tsakaninsu, kowa da hanyarsa, amma ba mai taka wani. Sai dai akwai rami a ƙasa, ko ni baƙo na ji shi. Malam ya ɗaga mini gira, na shiga ramin nan. Madam Odil ta runtse ido. Piyer ya juya fuskarsa ga bango.

Tun daga ranar duniyata ta zama ɗaki biyu: siton Alhaji da falon Malam Koji, da bayan babur a tsakani. Bayan kowane gwaji, kafin Madam ta mayar da ni, Malam yakan ajiye mana dafaffiyar gyaɗa, mu zauna a ƙasa. A nan na ji tarihinsu, guntu-guntu.

Malam ɗan manomi ne daga duwatsun Mokolo. Wani fada, wato limamin majami'a, ya kai shi makarantar koyon aikin fada, a can ya fara jin waƙa mai murya huɗu, ya ce ranar bai iya cin abinci ba. Bai zama fada ba, domin ya ga wata yarinya Terez ya fasa. Ya zo Garwa yana koyarwa a firamare. Wata rana ya nemi a ba shi ɗaki ya koya wa mutane irin wannan waƙa, wani babban ma'aikaci ya yi masa dariya, ya ce maƙogwaron mutanen dutse na kiran awaki ne. Malam ya ce, "Na dawo gida na ce wa Terez ta tsaya nan, Odil ta tsaya can."

Su uku suka fara a barandar gidan, shekara goma sha wani abu kafin zuwana. Suna yi sai suka riƙa jin wani yana yi musu gunji a ƙasa daga bayan katanga. Maƙwabcinsu ne, Bello, Bafillace Musulmi, akawu. Malam ya leƙa ya ce masa ya zagayo. Mutanen unguwarsu sun yi ta surutu, ɗan malamai yana waƙa da Kirista. Bello ya ce musu shi ba sujada yake yi ba, ƙasa yake riƙe wa maƙwabtansa kada su faɗi. In magariba ta yi yakan fita ya yi salla a tsakar gida, su jira shi. Suka sa wa kansu suna da Faransanci, ma'anarsa Ƙaramar Fitila. Mutanen gari dai masu waƙa ba ganga suke ce musu.

Suna da ƙa'idodinsu. Ba sa wuce mutum goma sha biyu, don kowa ya ji numfashin na kusa da shi. Ba na wata majami'a ba ne. Ba sa karɓar lada. Suna yin tsofaffin waƙoƙin Turawan da suka mutu tun kafin a haifi kakanninmu, da Latinanci, kuma Malam ba ya yarda ka rera kalmar da bai fassara maka ba. Suna kuma yin waƙoƙin niƙa da na girbi na mutanen dutse, waɗanda shi ya zauna ya raba su murya huɗu, ya ce kada su mutu tare da tsofaffin mata. Kowace shekara kuma wuri uku ne ba sa fashi: asibiti, ƙauyen kutare, da gidan yari.

Na tambaye shi me ya sa ba sa neman babban zaure inda manya za su zo su tafa.

Ya ce, "Wanda ke iya fita yana da inda zai je ya ji daɗi. Mu wurin wanda ba ya iya fita muke zuwa."

Terez ta rasu shekarun baya, suka ci gaba. Bello kuwa, yayansa yana cikin sojojin nan na Afrilu. Aka zo har teburinsa aka tafi da shi, hularsa ma a kan kujera aka bar ta. Ba wanda ya san inda yake.

Damina ta sauka da ƙyar a shekarar, amma Binuwai, kogin da ya bi ta gefen garin, ta ɗan cika. Wata safiya Alhaji ya ja ni bayan buhuna, ya ce ya sami mai jirgin ruwa da ke satar hanya da kaya zuwa wajen Yola, ya yarda ya ɓoye ni, ƙarshen makon nan. Na durƙusa na riƙe ƙafarsa. A lissafina Rifkatu ta haihu ko tana gab.

Kashegari sai ga Malam Koji da kansa a sito, karo na farko. Tare da shi wata mace doguwa cikin lulluɓi, ta tsaya daga bakin ƙofa. Ya zauna a kan buhun gishiri, ya cire tabarau yana gogewa. Ya ce izinin shiga gidan yari ya fito, na Lahadin sama. Ya ce akwai raɗe-raɗin an dawo da wasu daga cikin mutanen Afrilu an kulle su a wani sashe na can ciki. Ya ce waccan Dudu ce, matar Bello, ba ta neman komai sai ta san ko yana da rai.

"Akwai waƙar da bes ke farawa shi kaɗai. Shekara goma Bello yana fara ta. In yana bayan bangon nan, ya ji mun ba da murya, ba zai iya yin shiru ba, na san shi. Amma in ba ya nan, dole wani ya ɗauka, in ba haka ba mu tsaya kamar gumaka a gaban masu gadi."

Na ce, "Malam, matata."

Ya ce, "Na sani. Odil ta gaya mini. Na ce wa kaina ba zan roƙe ka ba." Ya mayar da tabarau. "Ga shi ina roƙonka."

Dudu ta matso daga bakin ƙofa. Ta miƙo wani ƙunshi, ta ajiye a kan buhu. Farar rigar mijinta ce ta waƙa, a wanke a goge.

Alhaji ya ce mini, "Ɗana, ruwan bana ba mai zama ba ne." Amma mai jirgin ya aiko cewa zai sake wani sawu bayan mako biyu. Na kama wannan maganar na riƙe. Jirgi ya tafi ba ni.

Ranar Lahadi na tafi gidan yari da ƙafata, ni da na yi wata da watanni ina ɓuya don kada a kai ni. A bakin ƙofa mai gadi ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana karɓar kart. Saura mutum ɗaya ya iso kaina, Madam Odil ta daka masa tsawa da Fillanci, tana tambayarsa me ya hana matarsa kawo jariri awo, so yake yaron ya lalace? Mutumin ya rikice yana ba da haƙuri, ya buɗe ƙofa. Na ji ƙarar ƙarfen da aka mayar a bayana.

Fursunoni suna zaune a ƙasa cikin rana, kawuna a aske. Daga hagu ga wani dogon bango mai 'yan ramukan iska a sama, nan ne sashen da ake faɗa. Malam ya jera mu dab da shi. Muka yi waƙar girbi, wasu 'yan dutse a cikinsu suka fara kaɗa kai. Muka yi wata. Sannan ya buga ɗan ƙarfensa a gwiwa, ya rera muryar farawa da ƙarfi fiye da yadda ya saba, fuskarsa tana wajen bango. Ya ɗaga hannu.

Na cika ƙirjina da iska na riƙe. Ba wanda ya motsa. Ina jin kukan wata kurciya, ina jin wani yana tari can nesa. Hannun Malam yana sama. Piyer ya ƙura wa ramukan nan ido, bakinsa a buɗe. Shirun ya yi tsawo har shugaban masu gadi ya fara duban abokinsa. Malam ya sauke idonsa a kaina, ya gyaɗa kai.

Na fara. Ban taɓa yin waƙa kamar ta ranar ba, kuma ban ji daɗinta ko kaɗan ba. Sauran suka shigo bisa kaina ɗaya bayan ɗaya. Muryar Madam Odil tana karkarwa, amma ba ta faɗi ba.

Muna fita ta tsakiyar fursunoni wani tsoho ya kama bakin wandona. Ya ji na ce wa wani "gafara". Ya ce ƙasa-ƙasa, "Ɗan'uwa, kai na ina ne?" Hausarsa ta Daura ce, ba gauraye. Na waiga, mai gadi yana kusa. Na ce, "Malumfashi, baba." Ya ce shi ma ba takarda aka kama shi, ya manta ko yaushe. Na zaci zai ba ni saƙo ko ya roƙi wani abu. Sai ya ce, "An yi ruwa a gida bana?"

Na ce, "Wallahi baba ban sani ba."

Piyer ne ya ja hannuna muka wuce. A waje Dudu tana tsaye a gindin itace. Malam ya girgiza mata kai daga nesa. Ta gyara lulluɓinta ta juya.

Kafin mako biyun su cika Binuwai ta janye, yashi ya fito tsakiyar kogi. Sawu na biyu bai yiwu ba. Na koma sito, na sake shekara guda cur da 'yan watanni.

Ba zan ɓoye ba, na yi fushi. Ina zuwa gwaji don ba ni da wani wurin zuwa, amma na daina zaman gyaɗa. Wata rana Malam ya gyara mini wani wuri sau uku, na jefar da takardar waƙar, na ce, "Kai da Sale Dogo duk ɗaya ne. Shi ya kama ni da masaƙa, kai ka kama ni da waƙa." Ba wanda ya ji Hausar sai shi da Madam. Ya sunkuya ya ɗauki takardar, ya kaɗe ta, ya miƙo mini. Ya ce, "Daga layi na biyu."

Mako na gaba na tarar da wani kafinta mai faɗin ƙirji a falon. Malam ya ce in koya masa duk abin da na sani. Kansa da tauri kamar icen da yake sassaƙa, amma muryar tana nan. Muka yi asibiti tare, muka yi ƙauyen kutare, inda wata tsohuwa marar yatsu ta riƙa buga dungulminta a gwiwa tana bin mu. Ban gane abin da Malam yake shiryawa ba sai gab da Kirsimeti ta shekara ta biyu, da ya ce ya samo izinin kai ƙungiya Mokolo, kusa da iyakar Nijeriya. Madam ta raɗa mini cewa tun bayan gidan yari yake zarya ofis-ofis a kan wannan izini.

Muka hau bayan wata tsohuwar mota, mu duka da fararen riguna. Shingaye a hanyar ba su ƙirguwa. A mafi yawansu takardar izinin ta wadatar. A wani kuwa, bayan an fara ganin duwatsu, wani jandarma ya ce bai yarda mu mawaƙa ne ba, kowa ya sauko da kart. Malam bai yi gardama ba. Ya buga ƙarfensa a jikin mota, muka tashi da waƙar niƙa a nan bakin titi. Jandarman ya tsaya da bindiga a kafaɗa, fuskarsa ta sake. Ashe ɗan dutse ne. Ya ce wani abu, ya ɗage sandar da kansa. Malam ya ce mini, "Wai uwarsa ba haka take jan ƙarshen ba. Ya fi ni gaskiya."

A Mokolo muka yi waƙa, kashegari ranar kasuwa. Malam ya haɗa ni da ƙanensa Zira, wanda zai saje da ni cikin masu komawa ƙauyukan kan iyaka, ya bi da ni ta duwatsu. Na cire rigar Bello na ninke, na ba kafinta. Piyer ya rungume ni, ya yi doguwar magana da ban ji ko kalma ɗaya ba. Madam ta cusa mini ƙunshin magani da sabulun jarirai.

Malam ya raka ni har inda hanya ta fara hawa. Na ce, "Malam, maganar da na faɗa maka ran nan..."

Ya ce, "Rabinta gaskiya ce. Tafi, rana tana yi."

Ban sake ganinsa ba. Shekaru da yawa bayan haka wani ɗan Alhaji Inuwa da na gamu da shi a Kano ya ba ni labari. An saki Bello lokacin da aka yi wa mutanen Afrilu afuwa, ashe can kudu aka tsare shi, bai taɓa kusantar bangon nan ba. Ya dawo muryarsa ta dushe, sai dai ya zauna a gefe yana bin su da leɓe. Malam ya rasu, Madam Odil ta karɓi ɗan ƙarfen, kuma har lokacin suna zuwa wurarensu uku.

Ni dai na sauka ta wajen Madagali da ƙafafu a kumbure, na yi ta haɗa motoci har gida. Na shiga ƙauyenmu da yamma. Yaran da suka fara ganina suka watse da gudu. Rifkatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago, rariya ta faɗi daga hannunta. Ba ta yi kuka ba, ba ta taso ba, ta dai riƙa kallon ƙafafuna, sai daga baya ta ce so take ta ga ko suna taɓa ƙasa.

Ayuba ya gaya musu ya bar ni ba takarda, sannan suka ji labarin harbe-harbe da kame. Da shiru ya yi yawa aka yi mini addu'a a majami'a, aka raba kayana.

Wani ɗan yaro ya fito daga ɗaki yana tafiya dagwai-dagwai, ya kama zanen uwarsa ya ɓuya. Goshina ne sak. Na tsuguna na miƙa masa hannu, na ce, "Yaya sunansa?"

Rifkatu ta dubi uwata, uwata ta dubi ƙasa.

Rifkatu ta ce, "Audi."

Sunan da ake ba yaron da aka haifa bayan mutuwar ubansa ke nan. Na so a canja, uwata ta ce bakin mutane ya riga ya saba. Yanzu shi ma ya yi furfura, yana da 'ya'ya huɗu, kuma ni da bakina Audi nake kiransa.